Yadda muka haɗa wa shagon ɗinki hasken sola a Damagaram

A tsakiyar watan Janairu na 2025 yayana ya ce in duba masa batun haske a shagonsa na ɗinki da ke Sabon Gari, a nan Damagaram. Azumi zai kama a farkon Maris, kuma daga nan har daren salla tela ba ya ganin shimfiɗarsa sai goshin asuba. Shagon mita 4 ne a kan 5, da keken ƙafa huɗu da teburin yanka ɗaya. Ƙwan fitila biyu ne a maƙale a rufi, in wuta ta ɗauke kuma yaran shago su ɗaura tocila a goshi. Kukansu ɗaya ne: ido na yaji, baƙin zare ba ya ganuwa a kan baƙar shadda. Kafin in zo, wani ya riga ya ba shi shawarar ya sayi manyan ƙwayaye da babban fano, wato farantin sola, magana ta ƙare. Na roƙe shi ya dakata mini mako ɗaya mu auna tukuna. Zan jera abin da muka bi daki-daki, saboda a kowane mataki akwai inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba.

Matakin farko shi ne samun ma'aunin haske. Akwai guda a ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyarwa, amma ba a fita da shi sai da takardar aro. Na rubuta, shugaban makaranta ya sa hannu bayan kwana biyu, mai kula da ɗakin ya rubuta lambar na'urar ya ba ni ita na mako guda. Wanda bai samu irinta ba, zai iya sauke manhajar awon haske a wayarsa, domin kusa da kyamarar gaba akwai ɗan idon da waya ke amfani da shi tana ƙara ko rage hasken fuskarta. Alƙalumanta ba abin dogaro ba ne sosai, amma ta isa ta nuna maka cewa nan ya ninka can sau nawa. Abin da ake aunawa kuwa luks ne, kuma a nan ruɗanin yake farawa, don awo uku ne mutane ke haɗawa wuri guda. Wat shi ne abin da ƙwai ke ci. Lumen shi ne jimillar hasken da yake fitarwa ta kowace fuska. Luks shi ne abin da ya sauka a kan wurin aikinka, lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 da ƙwan LED na wat 9 duk wajen lumen 800 suke bayarwa. A kasuwa wat ake tambaya, a jikin kwali lumen ake rubutawa, amma idon tela luks yake aiki da shi.

Bayan isha'i na ɗora na'urar a gindin allurar keke na farko, ta nuna 45. Karatu da rubutu suna son luks 300 zuwa 500, ɗinki kuwa 750 ake so, musamman a kan baƙin yadi, wanda ke shanye kusan duk hasken da ya faɗa masa. Yayana ya ƙi yarda da farko. Ya ce, “Malam, ai ga shi kowa na ganin kowa.” Gaskiyarsa ne, kuma wannan shi ne tarkon. Ido yana buɗewa yana tsukewa, yana sabawa da duk abin da ya samu. Tsakar rana a fili hasken kan kai luks 100,000, daren sha huɗu ga wata kuwa bai cika luks ɗaya ba, amma a duka biyun mutum yana ganin hanyarsa. Abin da ke iya jure wannan tazara ba zai zama ma'auni ba. Ido ba ya cewa haske ya yi kaɗan, sai dai ya yi ja da ƙarfe ɗayan dare.

Daga nan muka kashe ƙwai ɗaya, muka sauko da ɗayan da igiya muna aunawa. A tazarar mita 2 daga allura, luks 30. A mita ɗaya, 105. A santimita 50, 410. Ƙwai ɗaya ne, wat 9 ɗin nan, ba a ƙara masa komai ba. Dalili shi ne haske yana bazuwa yayin da yake tafiya: in ka ninka tazara biyu, hasken nan ɗaya zai shimfiɗu a kan fili mai ninki huɗu, sai kowane wuri ya samu rubu'i. In ka rage tazara zuwa rubu'i, lissafi ya ce ƙarfin zai ninka sau 16. Namu bai cika 16 ba, domin 30 ɗin da muka gani daga nesa har da abin da bango ke maidowa a ciki. Sai muka samo farin kwanon samira muka huda gindinsa, muka kifa shi a kan ƙwan kamar malfa, hasken da ke gudu sama ya dawo ƙasa, allura ta samu 690. Kusurwa ma tana da nata hukunci. Hasken da ya sauka a miƙe ya fi wanda ya zo a karkace, kuma in karkatar ta kai digiri 60 rabi ne kawai ke aiki. Don haka muka tsayar da cewa kowane keke zai samu ƙwansa, santimita 50 sama da allura, ɗan gaba kaɗan ta hagu, yadda kan keke da hannun dama ba za su jefa inuwa a kan ɗinki ba, bakin kwanon kuma ya sauko ƙasa da idon mai ɗinki don kada ƙwan ya riƙa dukansa a fuska. Bangon shagon shuɗi ne mai duhu, muka shafe shi da farar ƙasa ta jika 3. Da fitilu iri ɗaya, tsakiyar ɗaki ya tashi daga 90 zuwa 130. A duk aikin ban ga kuɗin da ya biya kansa kamar wannan ba.

Sai da muka san hasken da muke so sannan muka zauna lissafin wuta. Ƙwai 8 masu wat 9: huɗu na kekuna, biyu na teburin yanka, biyu na ɗaki, wat 72 ke nan. Fanka biyu masu wat 20. Awa 6 kowane dare, da cajin wayoyi, ya kama wajen wat-awa 700, wato wat sau awannin da aka kunna. Dutsen guga na gawayi ne, kuma na ja kunnen kowa kada a yi mafarkin jona na lantarki, don shi kaɗai yana cin wat 1,000. Mun zaɓi ƙwayaye da fankoki masu aiki da bolt 12 kai tsaye (bolt shi ne awon ƙarfin turin wuta), don kada mu sayi na'urar juya wuta zuwa 220, wadda ita ma tana cin rabonta ko ba a kunna komai ba. Ampiya ita ce awon yawan wutar da ke gudana, kuma da ampiya-awa ake auna abin da batiri ke ɗauka. Wat-awa 700 a bolt 12 ya zama ampiya-awa 58. Batirin dalma ba a shanye shi fiye da rabi in ana so ya daɗe, shi ya sa muka tsaya a kan mai 150. A ɓangaren fano, ƙasarmu tana samun abin da ya kai kwatankwacin awa 6 na cikakkiyar rana a yini, amma na yi lissafi da 5 saboda hazo da gajimaren Agusta. Fano mai wat 150 yana tura ampiya 8 da ɗoriya, biyu za su ba da ampiya-awa 80 a yini mai kyau, ya rufe 58 ɗin da asarar caji.

Ranar Litinin muka shiga kasuwar Dole da awon tela da mitar gwajin wuta. Shago na farko aka nuna mana fano mai lambar wat 200 a kan farashi mai daɗi. Na auna shi, mita ɗaya a kan santimita 67. A nan ma ƙarfin haske ne ke raba gardama. Wat ɗin da ake rubutawa a bayan fano an auna shi ne a ƙarƙashin haske mai wat 1,000 a kan murabba'in mita, gilashin yana kan zafin digiri 25. Fanon da ake sayarwa yana maida kashi 15 zuwa 22 cikin ɗari na wannan haske ya zama wuta. Wancan faɗinsa kashi biyu bisa uku na murabba'in mita ne, hasken da ke faɗa masa gaba ɗaya wat 670, to kafin ya ba da 200 sai ya maida kashi 30, kuma babu irin wannan a kasuwa. Yaron shagon ya ɗauko tasa mitar ya nuna mana bolt 21, yana cewa ga shi lafiya lau. Kada wannan ya ruɗi kowa. Bolt ɗin fano yana tashi ko da haske kaɗan ne, ko a inuwar rumfa za ka ga 18 ko 19. Abin da ke bin ƙarfin haske sau da ƙafa shi ne ampiya: rabin haske, rabin ampiya. Mun yi sallama muka wuce wurin wani Alhaji da aka yi mana kwatance. Nasa masu wat 150 tsawonsu santimita 148 a kan 67, awon ya yi daidai da lambar. Na ce, “Alhaji, a yi mana izini mu fitar da su rana mu gwada.” Ya ce ba komai. Sai dai ranar hazo ya rufe gari, rana ta zama kamar farin faifai, mutum na iya kallonta ido buɗe. Gwaji a irin wannan rana zalunci ne ga mai kaya da mai saye duka. Muka bar kafin alƙalami na jika 10, ya rubuta mana a takarda, muka tafi.

Kwana uku muka jira, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya ɗan ɓaci, don ranar maida ma'aunin haske tana ƙaratowa. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma ba ta tafiya don wani yana sauri. Ranar Alhamis gari ya washe. Tsakar rana ta gaskiya a Damagaram ba ƙarfe 12 daidai ba ce, don muna yamma da layin da agogonmu ke bi. A ƙarshen Janairu rana tana kai ƙololuwarta wajen 12 da minti 35. A lokacin muka jingina fano yana fuskantar rana sosai. Hanyar gane haka mai sauƙi ce: ka tsayar da ƙusa a kan gilashin, ka juya fanon har inuwar ƙusar ta ɓace. Aka maida mita kan ampiya 10, aka sauya jar wayarta zuwa ramin 10, aka taɓa bakin wayoyin fano biyu na ƴan daƙiƙoƙi. Lambar da ke baya ta ce 8.8. Na farko ya ba da 8.1, na biyu 8.0, na uku 5.6 alhali bolt ɗinsa 21 kamar sauran. Da muka duba shi a karkace sai ga tsaga siririya kamar gashi ta ratsa gida biyu daga cikin ƴan gidajen da ke jere a fuskar fanon. Alhaji da kansa ya ce a ajiye shi gefe. Muka ɗauki biyun farko a kan jika 40 kowanne. Batiri jika 125, kuma kafin a ɗaga shi mun auna shi yana hutawa ya nuna 12.8, wanda ya nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a ajiye ba caji, a bar shi. Regilata mai ampiya 30, ita ce ke tsakanin fano da batiri tana hana caji wuce kima, jika 15. Na nace a rubuta lambar jikin kowane fano da ta batiri a rasit, da kwanan wata, da tsawon garanti, da hatimin shago. Rasit mara lamba ba ya kare kowa ranar da aka dawo da kaya.

Shagon na haya ne, sai da yayana ya je ya gaida mai gidan da goro ya nemi izinin hawa rufi da huda kankare. Ya yarda, da sharaɗin a toshe ramukan da kyau kafin damina. Daga nan sai wurin mai walda, inda muka yi kwana biyu, ɗaya daga ciki zaman jiran wuta ne. Ya tambaye ni, “Malam, gabas za a fuskantar da shi ko?” Da yawa haka suke yi, wasu kuma su kwantar da shi a kan kwano duk inda kwanon ya kalla. Damagaram tana kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka mafi yawan shekara rana ta kudu take ratsawa. A tsakiyar Janairu, ko da tsakar rana, digiri 55 kawai take hawa sama da ƙasa, fanon da ke kwance yana samun kashi 82 cikin ɗari na abin da zai samu in ya fuskance ta. In aka karkata shi digiri 15 yana kallon kudu sai ya koma 94. Ga fano mai tsawon santimita 148, wannan yana nufin gefen arewa ya fi na kudu tsayi da santimita 38, kuma wannan adadi na ba mai walda, ba digiri ba. Karkatar tana da wani amfanin, ruwan sama yana gangarawa da ƙura maimakon ya kwanta ya bushe da ita. Kudu kuwa da sanda muka nemo ta: aka kafa ta a rufi, da 12 da minti 35 inuwarta ta nuna arewa, muka ja layi da gawayi. Na sa ya bar tazarar santimita 15 a ƙarƙashin gefen ƙasa don iska ta ratsa. Fano haske yake so, ba zafi ba. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin ɗari, kuma a watan Afrilu gilashinsa na iya kai digiri 65, kashi 16 ya tafi ke nan. Ƙarfe da aiki jika 20.

Ranar haɗawa, daga fano zuwa regilata mita 5 ne, muka sa wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6. A ampiya 16 tana zubar da kusan rabin bolt. Da mun sa mai 2.5 da ta zubar da fiye da bolt ɗaya, kuma a tsarin bolt 12 wannan babbar asara ce. A yi hattara da wayar da aka yi wa wankan tagulla alhali cikinta farin ƙarfe ne. A kankare bakinta da reza a gani. Ana fara jona batiri da regilata, sannan fano, sannan fitilu, don daga batirin take gane tsarin na bolt nawa ne. Fis mai ampiya 30 yana zama dab da kan batiri. Batirin mun ɗora shi a kan katako a kusurwar da iska ke shiga, nesa da wurin hura gawayin guga, domin zafi yana cin rayuwarsa. A cikin shago mun raba wayar fitilu reshe biyu, saboda a gwajin farko da muka jera su a layi ɗaya ƙwan ƙarshe ya fi na farko dushewa. Da waya da ƙwayaye da fankoki da kwanuka da makunnai, duk abin da aka kashe ya tsaya a jika 320. Daren farko kowace allura ta nuna tsakanin 650 da 700, teburin yanka 480.

Kashegari da la'asar sakaliya na ga regilata tana nuna ampiya 7 alhali awa ɗaya kafin nan tana kan 12. Na hau rufi. Inuwar sandar eriya ce, faɗinta bai wuce yatsu uku ba, ta kwanta a kan gida biyu na fano ɗaya. Gidajen fano 36 a jere suke kamar buhunan da ake miƙawa hannu da hannu, in mutum ɗaya ya tsaya layin ya tsaya. Akwai ƴan na'urori a akwatin baya da ke tsallake ɓangaren da inuwa ta kama, amma in sun tsallake rabin fano bolt ɗinsa yana faɗuwa ƙasa da na batiri, sai ya daina caji kusan gaba ɗaya. Muka cire sandar muka kai ta bayan fano, ta arewa. Bayan kwana goma kuma ƙura ta nuna nata. Da tsakar rana 12.4, aka wanke, kashegari a lokaci ɗaya 14.6. Ruwa ba abin wasa ba ne a garin nan, amma buta ɗaya ta isa fano biyu: a zuba, a bi da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi. Ba a goge shi a bushe, yashi yana karce gilashin, kuma ba a watsa ruwan sanyi a kansa da rana tsaka. A hunturu sau biyu a mako muka sa wa ƙaramin yaron shago. Ranar hazo mai kauri kuwa, ko an wanke, ampiya 9 ce iyakarta, kuma a irin wannan dare ana kashe fanka ɗaya da ƙwayayen ɗaki a bar na kekuna.

Wanda zai bi wannan hanya, shawarata ita ce ya fara daga wurin da ido ke aiki ya koma baya zuwa rufi, kada ya fara daga kasuwa. Da mun nemi luks 700 a kan allura da ƙwayayen rufi kaɗai, da sai mun ninka fano da batiri sau da yawa, ga shi igiya da kwanon samira sun yi aikin. Ya tafi kasuwa da awo da mita, ya ƙi karɓar bolt a matsayin shaida, kuma ya ware kwanakin jira a cikin shirinsa in lokacin hazo ne. Wajen zaɓen ƙwai ya duba lumen, ya kuma duba lambar ingancin launi, kada ta gaza 80, domin a ƙarƙashin ƙwai mai arha mai shuɗin haske zare ruwan ƙasa da ruwan goro suna iya zama abu ɗaya, sai gari ya waye a ga ɓarna a wuyan riga.

Abu ɗaya ne ban hango ba, kuma laifina ne. Na duba inuwa a Janairu kawai. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana komawa ta arewa da mu, a watan Yuni tana fitowa wajen digiri 24 arewa da gabas. Tankin ruwan maƙwabci, wanda a hunturu inuwarsa ba ta ko kusanto mu, sai ga shi yana rufe fano ɗaya har ƙarfe 9 na safe. Muka sake komawa wurin mai gida, muka kwance ƙarfen, muka ja shi mita biyu zuwa kudu, muka huda sababbin ramuka huɗu muka toshe tsofaffin da siminti kafin ruwa ya kankama. Waya ta ƙaru da mita biyu, aikin ya ci jika 6 da rabin yini.